Galiyo, Muƙaddashin Ƙasar Akaya

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:12-17

A cikin wannan darasi za mu duba wani mai mulki wanda Bulus ya tsaya a gabansa a Koranti. An haifi Galiyo a Kordoba ta ƙasar Sifen, sunansa na yanka kuwa Nobatus. Ubansa, Seneka Babba, gwani ne wajen ilimin iya magana, uwarsa kuma Helbiya. 'Ya'yansu maza uku ne: Nobatus, da Seneka masanin falsafa wanda ya zama malamin Nero, da Mela, uban Lukan mawaƙi. Wani aminin ubansu, Yuniyus Galiyo, ɗan majalisar dattawan Roma, ya ɗauki Nobatus ya zama ɗansa bisa ga al'adar Romawa. Daga nan ya sami sunan da muka san shi da shi.

A zamanin Kaisar Kalaudiyas aka naɗa shi muƙaddashin Akaya. An sami gutsattsarin wata wasiƙar Kaisar da aka sassaƙa a dutse a Delfi, ta shekara ta 52, wadda ta ambaci Galiyo da muƙaminsa. Da yake muƙaddas yakan riƙe ƙasa shekara guda ne, mun gane mulkinsa ya kama wajen 51 zuwa 52. Da wannan muke ƙidaya shekarun tafiye-tafiyen Bulus.

Sa'ad da Yahudawa suka kawo ƙarar Bulus, Galiyo ya ga ba laifi ba ne ga dokar Roma, gardama ce kawai a kan shari'arsu, sai ya kore su. Ta haka Bulus ya sami zarafin ƙara kwanaki da yawa a Koranti. Amma mu lura da abu biyu. Bulus yana shirin buɗe baki, Galiyo ya tari numfashinsa, bai ji bishara ba. Kuma da aka doki Sastanisu, shugaban majami'a, a gaban gadon shari'a, bai kula ba.

Bayan ya koma Roma ya hau muƙamin konsul, ɗaya daga cikin mafiya girma a mulkin. Amma a shekara ta 65 aka tona wani makirci na kashe Nero, aka tilasta wa Seneka da Lukan su kashe kansu. Galiyo ya roƙi a bar shi da ransa, duk da haka bai daɗe a bayansu ba. Mela ma ya bi su a 66. Asali da ilimi da kusanci da fada ba su cece su ba.

Tambayoyi

1. Ta yaya Allah ya yi aiki da hukuncin mutumin da bai san shi ba?
2. Wane alhaki ne ke kan mai iko in an cuci mutum a idonsa?
3. Mu fa, ina muke kau da kai?