Darasinmu: Daga Ina Ruwan Sama Yake Zuwa?

Uwargida, idan yaronki ya tambaye ki daga ina ruwan sama yake zuwa, me za ki ce masa? Amsar farko dai, Allah ne Yake saukar da shi. Sai dai Ya sanya wa abin sababi, kuma Ya umarce mu da yin tunani a kai. Ki duba Suratun Nur aya ta 43 da Suratuz Zumar aya ta 21.

Mu fara daga kicin ɗinki. Idan ruwa ya tafasa a tukunya, tururi yakan tashi. Da ya taɓa murfi sai ya huce ya zama ɗigo, ya koma cikin tukunyar. To haka abin yake a duniya. Rana tana dumama teku da koguna, danshi ya tashi sama, kamar yadda shanyarki take bushewa. A can sama akwai sanyi, sai danshin ya taru ya zama gajimare. In ya yi nauyi sai ya zubo. Wani ya bi rafi ya koma teku, wani ya nutse cikin ƙasa ya cika rijiyoyinmu. Daga nan sai zagayen ya sake.

Ruwan daminarmu iska ce ke ɗauko danshinsa daga Tekun Atlantika da ke kudu, shi ya sa Legas take riga Kano samun ruwa. Iskar hunturu kuwa daga Sahara take, busasshiya ce mai ƙura.

Ki kuma bambance abu biyu. Yanayin yau shi ne abin da kika gani da safe, hadari ko rana ko hazo. Yanayin ƙasa kuwa shi ne abin da wuri ya saba da shi, masana kan auna shi a tsawon shekara 30. Saboda haka fari irin na 1973 ko ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, kowanne shi kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba, sai an haɗa lissafin shekaru masu yawa.

Ina amfanin wannan a gidanki? Tunda ruwan rijiya ta cikin ƙasa yake bi, duk ƙazantar da ya tarar zai kwaso. Ki tuna wa maigida a nisanta masai da rijiya, aƙalla mita 30. Da damina ki tafasa ruwan sha, domin lokacin ne amai da gudawa ke kama yara. Kada ki aiki yara su zuba shara da leda a kwata, in ta toshe gidajenmu ruwan zai shigo. Sannan ki riƙa sauraron hasashen hukumar NiMet a rediyo. Wannan ba duba ba ne, lura ce da alamomi, sanin gaibu kuwa sai Allah.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.