Asabar da Lahadi a New York

In kwana biyu kacal gare ka a New York, cire kwaɗayin ganin komai. Manhattan kaɗai ta ishe ka gajiya.

Ranar Asabar ka yi sammako zuwa tashar Whitehall, a ƙurewar kudancin Manhattan, ka hau jirgin ruwan Staten Island. Kyauta ne, tafiyar kamar minti 25 ce, kuma daga cikinsa za ka hango Mutum-mutumin 'Yanci sarai. Ka tsaya ta hannun dama a tafiya. Masu tare baƙi a bakin titi da tallar tikiti, ko kallonsu kada ka yi.

Gadar Brooklyn, wadda aka buɗe a 1883, a ƙafa ake jin daɗinta. Ka taso daga ɓangaren Brooklyn, dogayen benayen Manhattan su zama a gabanka. Times Square kuwa, rabin awa da dare ya wadatar; hayaniya ce da fitilu, kuma masu shigar dodanni sai sun nemi kuɗi in ka yi hoto da su.

Lahadi ka huta a Central Park, sannan ka haura Harlem, titi na 116. Nan masallacin Malcolm Shabazz yake, ga gidajen abincin 'yan Senegal, shinkafa da kifi har ka ture.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya kwana, amma ka duba allo kafin ka shiga: wani yana tsallake ƙananan tashoshi, sai ka ga taka ta wuce ta taga.