Darasi: Zaɓen Kayan Ɗaki Daidai da Mai Ɗakin

Karatu: 2 Sarakuna 4:8-10

'Yan'uwa, a wannan karatu mun ga wata mace mai arziki a Shunem ta shawarci mijinta su yi wa annabi Elisha ɗan ɗaki a kan bene. Abu huɗu suka sa a ciki: gado, tebur, kujera da fitila. Tana da halin cika ɗakin da kaya, amma ta duba wanda zai kwana ciki. Matafiyi ne, hutu yake bukata.

A nan Yasore da sauran garuruwan Batsari da Safana, maganar kayan ɗaki takan taso ne idan za mu aurar da ɗiya. Sai mu sayar da hatsin kaka, ko tunkiya, ko mu ci bashi, don mu sayi irin gadon da aka kai wa ɗiyar maƙwabci. Ita amaryar da za ta zauna a ɗakin kuwa, da wuya a tambaye ta. Wata tana son kabad cike da jeren kwalla da tangaran, kamar yadda ta taso ta gani a ɗakin uwarta. Wata ta fi son fili inda za ta shimfiɗa tabarma ta karɓi baƙi. Babu laifi a ko wanne. Abin da ba daidai ba shi ne a shiga damina rumbu ba kome saboda gado.

Kafin mu je wurin kafinta, mu ɗauki igiya mu auna ɗakin, mu auna ƙofa. An sha kawo gado daga Katsina ya ƙi shiga, har sai an fasa bango.

Mu tambaye shi kuma da me zai yi aikin. Yawancin gadaje da kabad masu ƙyalli na zamani an yi su ne da allon garin katako da aka matse. Suna da kyau a ido, amma da zarar ɗaki ya yi yoyo ko daɓe ya yi laima sai su kumbura su ruguje, ba su gyaruwa. Katakon maɗaci yana daɗewa, sai dai tsada. A ɗakin ƙasa gara ce babbar abokiyar gaba, don haka a ɗora ƙafafun gado a kan dutse, a janye kabad daga jikin bango. Gadon ƙarfe da wasu ke rainawa, wai tsohon yayi ne, gara ba ta cin shi, ana kuma kwance shi a ɗaure.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne gare mu. A 2019 hare-haren 'yan bindiga daga wajen dajin Rugu sun tilasta wa iyalai da yawa gudu zuwa cikin Batsari da Katsina. Abin da ya ɗauku a ka ko a kan babur shi suka tsira da shi: katifa, tabarma, tukunya, kujera 'yar tsugunno. Manyan kujerun kushin an bar su a baya, wasu ma ba a gama biyan kuɗinsu ba.

A taron zumuntar mata da na maza na wannan mako, mu tattauna: a aure na ƙarshe da muka yi a gidanmu, wa ya zaɓi kayan ɗakin? Buhu nawa na hatsi suka ci, kuma wanne daga cikinsu amarya take amfani da shi kullum?