Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan rediyo ya damfari jama'a, ya ce ba shi da lafiya

Wani mai sauraronmu daga Kafin Hausa yana tambaya: idan ma'aikacin rediyo ya damfari mutane, daga baya ya ce larurar ƙwaƙwalwa ce, a tausaya masa ko a hukunta shi?

To Malam, an taɓa yin haka a Amurka. Craig Carton, mai gabatar da shirin wasanni a tashar WFAN ta New York, ya karɓi kuɗin masu zuba jari da sunan cinikin tikiti, ya biya bashin caca da su. Ya ce caca ta zame masa ciwo. A 2019 kotu ta ɗaure shi wata 42, ta ce ya biya abin da ya ci.

A nan Arewa, sashe na 51 na dokar Penal Code yana yafe wa wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa a lokacin. Damfara kuwa sai da shiri da daɗin baki, shi ya sa wannan hujja ba kasafai take karɓuwa ba. Malaman fiƙihu ma sun ce ko mahaukaci ne ya ɓata dukiyar wani, daga dukiyarsa ake biya.

Idan ciwon gaskiya ne, 'yan uwa su kai shi asibitin Kazaure ko na Dawanau, likita ya duba shi. Wanda aka damfara kuwa, kamar manomin da ya sayar da shinkafarsa saboda ya amince da muryar da yake ji kullum a rediyo, shi ma a mayar masa da kuɗinsa.