Riƙe Zoben Gaba Kafin Ka Cire Na Hannu

Wayoyin Android da ake sayarwa a kasuwar Maigatari duk kan Linux suke gudana, kuma manhajojin da ke sarrafa sassansu suna jera bayanai kamar sarƙa, kowane zobe yana nuna na gabansa. Ɗalibin kwamfuta a Gumel, in manhajarka irin wannan ce kuma tana faɗuwa, duba inda kake cire zobe kana tsakar bin sarƙar, domin hanyar gaba tana tafiya da shi. Yi amfani da list_for_each_entry_safe, wadda ke ajiye na gaba kafin cirewa, sannan ka sa kulle don kada ayyuka biyu su taɓa sarƙar lokaci guda. Wataƙila ka ce ka gwada babu kulle kuma lafiya lau. Ai ba kullum ayyuka biyu ke karo kan sarƙa ɗaya ba, amma ranar da suka yi, wayar na iya tsayawa cak.