Darasi Kan Guzurin Ɗan Jami'a

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, a wannan fitowa za mu ɗan jingine farashin gero da dawa, mu duba batun yaranmu da ke jami'a da kwaleji. Da yawanmu ba mu yi boko ba, to amma mu ke biyan kuɗinsa. Abin da ke faruwa kuwa shi ne, uba ya damƙa wa yaro kuɗin zango guda gaba ɗaya, kafin wata biyu waya ta fara kuka, "Baba, abin hannuna ya ƙare."

Ku sani, zangon karatu wajen wata huɗu ne, watau kwana 120 ke nan a ƙiyasi. A ce bayan an biya rajista da kuɗin ɗaki ka ba yaro naira 120,000. Rabonsa na rana naira 1,000 ne. In ya shiga da zafi yana kashe 2,000 kullum a watan farko, rabin kuɗin ya tafi, saura 60,000 za su ja shi kwana 90, bai kai naira 700 a rana ba, ga shi kuwa a ƙarshen zango ake jarrabawa, lokacin da ya fi bukatar ƙoshi. Wannan lissafi kowane mai awo ya san shi. Sai ka zaunar da yaro ku yi shi tare da alƙalami, ya gani da idonsa. Sa'an nan kada ka ba shi a dunƙule. Tura masa wata wata, a ranar da kuka yanka, kai ma kada ka saɓa. Yaron da bai san ranar zuwan kuɗinsa ba, bashi zai ci.

Inda muka fi ma'aikacin gwamnati sa'a shi ne abinci. Shi da albashi yake sayen kwano ɗaya ɗaya a hannun mai shago, mu kuwa a bakin buhu muke. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi ke sauka a Dawanau da kasuwannin ƙauye, a yawancin shekaru kuma sai ya hau in damina ta kama. To tun a kaka ka ware na ɗan makaranta kamar yadda kake ware na gida: shinkafa, wake, garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka da daddawa, da man gyaɗa ko manja. Buhun kwano 40 ya yi wa mutum guda yawa a zango, ga wahalar ɗauka, ga ɓera. Gara yara uku ko huɗu 'yan unguwa ɗaya su haɗa tukunya, wannan ya kawo shinkafa, wancan wake, su yi karo-karon gas. Amma a yi magana a fili tun farko, don tukunyar haɗaka ta sha raba abokai.

Wake shi ne mai rigima, ƙwaro ba ya barinsa. A shanya shi ya bushe ƙayau, a ɗura a jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ganin fetur ko kalanzir ba, a cika ta har wuya, a toshe da leda a murɗa murfi. In iska ba ta shiga, ƙwaron mutuwa yake yi. Ƙananan jarkoki sun fi babba guda, don wadda aka buɗe ita kaɗai za a yi ta ci. Kuma ina gargaɗi da babbar murya, ƙwayar maganin nan da muke jefawa a sito, kada wanda ya ba yaro ita ya kai ɗakin kwana. Hayaƙinta kisa yake yi, mutum yana barci.

Sauran kuɗin da ke zurarewa ba a ji su ne na mota, da na waya, da la'adar masu POS. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, har ɗaki mai araha da ke nesa da makaranta yakan fi na kusa tsada in an haɗa da zirga-zirga. Wanda ɗansa ke Jami'ar Bayero ya tambaya tukuna, a tsohuwar makaranta darussansa suke ko a sabuwa ta hanyar Gwarzo, kafin ya kama haya. Kuɗin kira da na intanet kuma an yarda wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025. Cirar kuɗi kaɗan kaɗan kullum, kowace cira da la'adarta, gara a ciri na mako guda. Cacar ƙwallo ta waya kuwa, da bashin waya mai ruwa, ba su da gurbi a wannan lissafi ko kaɗan.

Akwai lamunin gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda aka sa hannu kan dokarsa a Afrilu 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati. Ba shi da ruwa. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, na kashewa kuma da aka fara an yanka naira 20,000 a wata. Biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cirar kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ni a ganina wanda ke da hali ya biya wa ɗansa kawai, wanda abin ya yi wa nauyi ya karɓa ba kunya. Sai dai yaro ya san bashi ne a wuyansa, kuma wanda ya dogara da shi lalle ya riƙe wani abu a gefe ko da biyan wata zai yi jinkiri.

Daga kowane aike yaro ya cire ushiri ya ajiye inda hannu ba ya kai wa da sauri, asusu na dabam ko wurin amintaccen ɗan'uwa a garin. Na ciwo ne da na motar komawa gida. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, an watse ba shiri, kuɗin hayar shekara yana ta ci babu kowa a ɗaki. Ita 'ya mace kuma a ƙara mata wani abu bisa na namiji ba tare da ta roƙa ba, ta hannun uwarta in ya fi sauƙi, don akwai bukatun da ba za ta iya faɗa wa uba ba.