Amsoshin Tambayoyinku: Me ke kawo mujiya kan rufin gidanmu?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani matashi a unguwar Mayo Gwoi, cikin garin Jalingo. Ya ce tun da aka yi girbi wata farar mujiya take sauka a kan kwanon gidansu cikin dare, tana wani irin ƙara mai tayar da tsigar jiki. Maƙwabta sun ce alamar mutuwa ce, wasu ma sun ba da shawarar a harbe ta da gwafa. Yana so ya sani: me take nema, kuma gaskiya ne makauniya ce da rana, tana kuma juya kanta ya zagaye gaba ɗaya?

Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya, kuma na yaba maka da ka tsaya tambaya kafin ka ɗauki gwafa. Amsar farko gajeriya ce: ɓeraye take nema. Unguwa irin taku da ke bakin kogi, ga ciyayi, ga gonaki kusa, ga buhunan masara da shinkafa da aka shigo da su ɗaki bayan kaka, wuri ne da ɓera ke hayayyafa sosai. Inda ɓera ya yi yawa kuwa, mujiya za ta zo.

Mujiyoyi sun kai iri 250 ko kusa da haka a duniya, kuma babu nahiyar da ba su sai Antatika mai ƙanƙara. Wadda ka kwatanta, mai farar fuska da baƙaƙen idanu, ita ce masana ke kira Tyto alba, kuma ita ta fi kowace sabawa da gine-ginen mutane. Ba ta saƙa sheƙa. Rami take nema, a cikin silin, ko hasumiyar masallaci, ko kogon bishiya, ta zuba ƙwai huɗu zuwa bakwai, ta kwanta a kansu kamar wata guda. Ƙarar da kake ji, kira ne ga abokin zamanta ko gargaɗi ga wata mujiyar cewa nan wurin da mai shi. Idan kuma ka ji wani huci mai kama da minshari daga cikin silin, 'ya'yanta ne ke roƙon abinci. Gidaje da yawa sun kwana ido biyu saboda wannan hucin, ana zaton aljanu ne.

Batun makanta, ba haka ba ne. Mujiya tana gani da rana sarai. Abin da ya sa take ɓuya shi ne abincinta da dare yake fitowa, kuma in ta bayyana da rana ƙananan tsuntsaye sukan yi mata taron dangi, suna ihu suna kai mata sara, don sun san tana cin irinsu. Wannan ne Bahaushe ya gani har yake cewa wane ya zama mujiya a cikin jama'a. Akwai ma wata 'yar ƙaramar mujiya a dazuzzukanmu da ke farauta da hantsi, mai ɗigo biyu baƙaƙe a ƙeya waɗanda in ka hango sai ka ɗauka idanu ne.

Idon mujiya ba dunƙulalle ba ne irin namu da ke juyawa dama da hagu. Dogo ne, ya shige cikin kai, kuma wani zoben ƙashi ya riƙe shi kam. Girmansa da yawan ƙwayoyin da ke kama haske kaɗan a bayansa su suka sa take gani a hasken da mu ba za mu ga tafin hannunmu ba. Amma tun da idon ba ya motsi, dole wuya ya yi aikinsa. Mutum yana da ƙasusuwan wuya 7, mujiya tana da 14, shi ya sa take iya juya kai har digiri 270, wato kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba ta cika zagayen. Tana kaiwa iyaka sai ta dawo da sauri, saurin ne ke sa mai kallo ya ɗauka kan ya wuce. A shekarar 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna dalilin da ya sa jini ba ya yanke wa ƙwaƙwalwarta a wannan murɗawa: ramukan da jijiyoyin jini ke bi a cikin ƙashin wuyanta sun fi jijiyoyin faɗi nesa ba kusa ba, don haka jijiyar tana da wurin sakewa, ba ta matsuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a jikin wannan tsuntsuwa shi ne kunnenta. Ka ga faffaɗar fuskar nan da ke tsorata mutane? Gashi ne mai tauri da aka jera a zagaye, yana tattara sauti yana kai shi kunne, kamar yadda tsoho ke sa tafin hannu a bayan kunnensa in yana so ya ji magana daga nesa. Kunnuwan suna ɓoye a ƙarƙashin gashin, kuma ba a daidai suke ba: na hagu ya ɗan fi na dama tsayi. Saboda haka motsin ɓera yakan iso kunne ɗaya kafin ɗayan, kuma ya fi ƙarfi a ɗaya. Daga wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwarta ke gane ko ɓeran yana dama ko hagu, sama ko ƙasa. Wani masani Ba'amurke, Roger Payne, ya gwada hakan a ɗakin da aka toshe duk wata kafar haske, aka baza busassun ganyaye a ƙasa, aka saki ɓera. Mujiyar ta dira a kansa da ji kaɗai. Ya wallafa sakamakon a 1971.

Tashinta kuma ba ya ƙara. Gefen gaba na gashin fiffikenta a tsattsage yake, gefen baya yana da geza, samansa kuma laushi gare shi, sai iska ta wuce ba tare da fasa sauti ba. Ɓera ba ya jin zuwanta, ita ma fiffikenta ba ya hana ta jin ɓeran. Wata babbar mujiya mai kamun kifi a bakin koguna, wadda ake samu a dajin Yankari, ba ta da wannan laushin sosai, don kifi a cikin ruwa ba ya jin ƙarar fiffike.

To, maganar mutuwa fa? Ba na raina tsoron maƙwabtanka, don tsohon tsoro ne, kuma Larabawan jahiliyya ma sun yi shi. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim inda Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, kuma malamai da dama sun yi bayanin cewa mujiya na cikin abin da ake nufi. Ka lura da wannan: mujiya tana kuka kusan kowane dare, amma masu barci ba sa ji. Gidan da ake jinyar mara lafiya shi ne ake kwana a farke, su ne ke jin ta. In Allah ya karɓi ran mara lafiyan sai a tuna da kukan, in ya warke kuwa babu mai sake zancen.

Ni a ganina, unguwar da ta samu mujiya ta yi sa'a. Manoman kwakwar manja a Malesiya har akwatuna suke kafa mata a gonaki don ta zauna ta rage musu ɓarnar ɓera. Mu kuma a nan ɓera ba hatsi kaɗai yake ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi, kuma Taraba na cikin jihohin da ke fama da shi duk rani. Mujiya ba rigakafi ba ce, rufe abinci da tsabtar gida suna nan daram, amma irin wannan ɓeran yana cikin abincinta na yau da kullum.

Saboda haka ka bar ta. Ku rage sa gubar ɓera, domin in ta ci wanda ya sha guba ita ma mutuwa take yi; tarko ya fi. Za ka riƙa ganin wasu baƙaƙen curi-curi a ƙasan inda take sauka. Gashi ne da ƙasusuwan abin da ta haɗiye take amayarwa. Ka yayyafa musu ruwa, ka kwashe da shebur, kada yara su yi wasa da su. In kuwa ta yi 'ya'ya a silin ɗinku kuma hucin ya dame ku, ku yi haƙuri wata biyu zuwa biyu da rabi su yi fiffike su tashi, sannan a kira kafinta ya toshe kafar.